Kunnena a Fuskar Kawu

Ɗan kawuna mai aski ne, amma in ka tambaye ni, babbar sana'arsa shirga ƙarya da hoto. Shagonsa ɗan tsukuku ne: kujera ɗaya mai kuka, madubi mai tsaga a gefe, da bencin da in mutum uku suka zauna sai ɗaya ya riƙe numfashi. Da zarar babu kai a gabansa sai ya zaro waya. Ya taɓa ɗora mai facin layinmu a kan fiffiken jirgin sama yana kurɓar shayi. Ni kuwa ya share mini tumbi tas, har matata ta ce a ba ta na cikin hoton, a riƙe na gida.

Abu ɗaya ya gagare shi: bai san fuskar ubansa ba. Kawu ya rasu tun ɗan nasa yana ciki, hoto ɗaya tak da aka taɓa ɗaukarsa kuma yoyon rufi ya cinye. Fuskar ta rage a wuri ɗaya duk duniya, a idon Inna, mahaifiyarsa. Takan ce, "Ina ruwana da hoto? In na rufe ido ga shi nan tsaye a bakin ƙofa."

Sai gogan ya ce zai haɗa Kawu daga jikin dangi. Ya ɗauki goshin Baffa, ƙanin Kawu, ya ɗauki hancin uwata, ya sa nasa idanun.

"Inna, kunne fa?"

Ta nuna ni da baki. "Irin na wannan ja'irin."

Kunnuwana kuwa, in iska ta taso sai an riƙe ni.

"Tsaya cak, kada ka kaɗa su," in ji shi.

"Ja da baya dai, malam, wayarka ba za ta ɗauke su ba."

Kullum in ya rufe shago sai ya zauna a gabanta a dakalin ɗaki, ya miƙa mata waya. Da farko Inna ba ta ko jinkiri. "Rage hancin." "Girar ta fi haka cika." "Wannan haɓa ta wa ka sato?" Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma daɗewa tana kallo, ta ce, "Ina jin haka yake." Shi ya ɗauka aiki ne ya kusa kammala. Ni ma haka na ɗauka.

Ya wanko hoton, ya sa a firam, ya rataye yana fuskantar gadonta. Dangi suka cika ɗakin. Har waɗanda ba a haifa ba lokacin rasuwar suna rantsuwa shi ne. Baffa ya ga goshinsa ya fashe da kuka.

Bayan 'yan makonni muka shiga gaishe ta tare. Muka tarar da hoton a kife jikin bango, ita tana zaune bakin gado, ido a rufe.

"Inna, wa ya juya shi?" ya tambaya.

"Ni."

"Bai yi ba ne? Faɗa mini wurin, yanzu na gyara."

Ta buɗe ido. "Babu wurin gyara, ɗana. Tun safe nake rufe ido ina jiran babanka. Wannan ne yake zuwa. Goshin Baffanka, hancin gwaggonka, kunnen wancan. Akwai wani abu da bakinsa ke yi in zai yi dariya. Na san akwai. Na neme shi na rasa."

Ni da bakina ba ya zama, na ce, "Inna, ko kunnen ne ya tare masa ƙofa?"

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan kawuna ya miƙe zai sauke hoton. Ta riƙe gefen rigarsa.

"Bar shi. Juyo mini shi ma. Yanzu ba ni da wani."

Ya juyo shi.

Har yau yana aski a kujerar nan mai kuka. Wayar kuwa sai kira kawai. Mai faci ya yi ta roƙo a ɗora shi a jirgin ruwa, shi kuwa ya ce hannunsa ya manta. In na zauna aski, da can sai ya ce in naɗe kunnuwan in ba shi hanya. Yanzu in ya iso wurinsu sai dai ya zagaye su a hankali, ni kuma in sunkuyar da ido kada mu haɗu a madubi.