Jakunan da Suka Zo Ɗaukar Dawa

Karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, amma tun ina ɗan yaro na san labarin yadda mutanen Amirka suka rabu da Sarkin Ingila. A bakin wutar kakata na ji shi, kuma har yau ban manta daren ba.

Asalinmu Badafi ne, a ƙasar Kiru. Can gandun gidanmu yake, a hannun Baffa Sule, yayan mahaifina, tun bayan rasuwar kakanmu. Da gonakin can suka gaji, shi ya turo Baba kudu, wajen Doguwa, ya sari daji a gefen Falgore. Baba ya taho da mu, da mahaifiyarsa wadda muke kira Inna, da kuma Tanko. Tanko dogon mutum ne marar yawan magana, ya ɗan girmi Baba, a zaure yake kwana. Shi ya tuge yawancin kututturan gonar nan. Ba shi da ko gayauna tasa ta kansa. Mu yara mun ɗauka ɗan'uwa ne, ba mu taɓa tambayar ta ina ba.

Duk kaka sai Baffa Sule ya turo jakuna a kwashe dawa zuwa rumbunan Badafi, a bar mana abin da ya ga dama. Baba ya gaji. Yana so ya fita daga gandu ya ci gashin kansa, amma kowa ya sani ba zai yi ba sai Inna ta sa albarka. Inna kuwa ba ta ce komai ba, ga shi Baffa Sule ɗanta ne na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa.

A shekarar da nake magana, lokacin da ake ta zancen mulkin kai a kasuwar Tudun Wada, jakunan suka iso da yamma, Lawal ɗan Baffa yana kora su. Da safe za a yi lodi. Bayan an ci tuwo maza suka zauna a bayan zana kusa da rumbu. Mu kuma muka kewaye Inna. Ta tura kara cikin wuta, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Yau ba kura, ba zomo. Ga wata ta ƙetaro babban ruwa, ku matso ku tarbe ta."

Muka ce, "Ta ƙaraso!"

Ta ce daga bakin autanta ta ji, Baffa Audu da ya je yaƙin Bama, shi kuma wani direban motar soja ne ɗan Amirka ya ba shi, mutum baƙi kamar mu. Wai Sarkin Ingila ya bar wasu mutanensa suka ƙetare teku, suka sari daji, suka yi gonaki, suka hayayyafa. Sarki bai taɓa taka ƙasar ba, bai san ranar da maciji ya sari wani ba, amma duk shekara jiragensa suna zuwa a loda musu. Da aljihunsa ya yi sauƙi sai ya ɗora musu haraji a kan takarda, ya ɗora a kan ganyen shayi, ba tare da ya kira ko mutum ɗaya daga cikinsu shawara ba. Suka aika masa gaisuwa da roƙo, ya ƙi ji. Sai wata rana samarinsu suka hau jiragen, suka farfasa akwatunan shayin, suka juye a teku.

Yayata Hanne ta dafe ƙirji. Sau ɗaya muka taɓa ɗanɗana shayi a rayuwarmu.

"Inna, duka? Ko sukari ba su sa ba?"

"Ke da kwaɗayi. Kifaye suka sha, har yau idonsu biyu."

Sarki ya turo sojoji masu jajayen riguna, suna tafe a jere da ganguna. Manoma kuma suka ɗauko bindigoginsu na farauta suka laɓe a bayan itatuwa. An daɗe ana yi, da yunwa da sanyi, wasu ko takalmi babu. Daga baya Faransawa suka kawo musu gudummawa. A ƙarshe sojojin Sarki suka ajiye bindigogi suka hau jiragensu.

Bakina a buɗe yake. A lokacin idan Bature ya zo rangadi, manyan mutane ne ke zubewa a ƙasa, mu kuwa cikin kara muke shigewa. Ban taɓa zaton ana iya korarsa ba, balle a ce 'ya'yansa ne suka kore shi. Na ce, "Inna, Bature ya harbi Bature?"

"Har ya gudu, maigidana. Ka rufe bakin kada ƙwaro ya shiga."

Sai muryar Lawal ta fito daga bayan zana. "Inna, don Allah a rage murya. Irin wannan zance idan ya kai kunnen dagaci fa?"

"Ya kai. Ka kai shi Badafi ma, ka ce ni na faɗa. Wanda ya sari daji shi ya kamata ya ci abin da dajin ya bayar."

Kowa ya gane Inna ta yanke hukunci, kuma a kan ɗanta na fari ta yanke. Na ji Baba ya ce alhamdulillahi a hankali. Ni har na miƙe ina harbin sojojin Sarki da kara.

"Zauna, ban gama ba," in ji Inna. "Ba wanda ya tambaye ni su wa suke yi wa manoman nan noma. Direban nan ya gaya wa Audu kakanninsa ne, bayi, waɗanda aka kwasa daga irin ƙasashenmu. An yi biki, an buga ganguna, an ce kowane mutum ɗa ne. Gari ya waye su kuma suka ɗauki fartanya suka koma gonar ubangidansu, kamar jiya."

Hanne ta ce, "Ashe mugaye ne."

"Mutane ne dai, irinmu." Ta juya wajen zana ta kira Baba. "Iro, kana jina?"

Baba ya amsa daga bayan zana, "Ina ji, Inna."

"Igiya ɗaya ta kawo ni Badafi da uwar Tanko, daga duwatsun kudu, muna 'yan mata ƙanana. Ni ubanku ya ajiye a ɗaka, na haife ku, kuka zama masu gado. Ita aka bar ta a gona. Bambancinka da Tanko ke nan. Gobe idan ka kori Sarkin Ingila, ka waiwaya ka ga wanda ke riƙe da fartanya a bayanka."

Karan da ke hannuna ya faɗi. Kakarmu da muke taƙama da ita, an taɓa ɗaure ta da igiya an yi cinikinta. Hanne ta fashe da kuka. Na leƙa ta ramin zana na ga Baba ya sunkuyar da kai, Tanko kuma yana kallon tafin hannunsa kamar ba da shi ake ba. A wannan daren Inna ba ta rufe labarin da wasan da ta saba ba. Ta watsa wa wutar ƙasa ta shige ɗaki.

Da safe, kafin a taɓa jakuna, Baba ya kira Tanko suka gangara wajen fadama, inda ƙasar ta fi kyau, ya kafa turaku ya ce daga nan zuwa can tasa ce, da shi da zuriyarsa. Sannan ya ɗora wa jaki ɗaya dawa ta gaisuwa, sauran suka koma wayam. Baffa Sule bai sake taka gidanmu ba sai a ciwon ajalin Inna. Ta san haka za a yi, amma duk da haka ta faɗi abin da ta faɗa.

Na sha ba 'ya'yana labarin nan, kuma sai in tsaya a inda sojoji suka hau jirgi, don a raina kullum ni ne manomin da ke bayan itace. Allah ya yafe mini. Ɗana Habibu yana noman shinkafa a Tudun Wada, da ƙarfinsa da basirarsa, ni kuwa duk kaka mota nake turawa a kwaso buhuna, ina cewa ai gida ɗaya ne. Bai taɓa musa mini ba, matarsa ce kawai ta daina haɗa ido da ni. Jiya direba ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, yaushe za mu tafi ɗaukar kayan?" Sai na ji kukan jakunan Badafi a kunnena, na gane kujerar wa nake zaune a kai. Na ce masa ya je ya nemi wani lodin. Bana ni zan je Tudun Wada da kaina, in ga gonar da ban taɓa takawa ba, in gaya wa yaron tasa ce.