Ildus-agai, Mai Cuɗa Ƙarfe a Ufa

Kowace safiya Ildus, wanda ake kira agai, wato babban yaya a harshen mutanen wurin, yakan sauko daga motar haya a birnin Ufa, ya kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa, ya gangara ɗakin ƙasa na cibiyar binciken ƙarafa. Kafin ya kunna katafaren injin matsi sai ya ɗora masa tafin hannu, ya gaishe shi.

"Tsohuwa, kin tashi lafiya?"

Aikinsa shi ne ya shafe sandar ƙarfe da mai, ya zura ta cikin rami mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, injin ya danna ta har ta ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Sai ya juya ta, ya sake zurawa. Da haka ƙwayoyin da ke cikin ƙarfen ke farfashewa su yi ƙanana, ƙarfen ya ƙara ƙwari. Shi kuwa cuɗa yake kiran aikin, irin yadda mahaifiyarsa ke cuɗa fulawa. Idan injin ya fara gunji yakan lumshe ido, ya ji kamar ƙarfen na juyi cikin barci.

Kai ne, agai, masu bincike ke hawa mumbari a ƙasashe da aikin hannunka, ba tare da an ambaci sunanka ba.

Farfesa Aigul, ɗaya daga cikin masu binciken cibiyar, ba ta manta ranar da ramin injin ya fashe ba. Tana ɗaliba a lokacin, ta sunkuya tana leƙen sandar. Ildus ya ji sautin injin ya sauya. Bai tsaya magana ba, ya hankaɗe ta gefe, ɓarɓashin ƙarfe ya nutse masa a kafaɗa. Tana kuka a kansa, shi kuwa yana faɗa.

"'Yata, idan kin gama kukan, kashe mini injin nan."

Har yau hannunsa na hagu ba ya ɗagawa sama da kunne.

Ranar da zai ajiye aiki aka dafa shayi da madara, aka jera cakcak, wato cincin ɗinsu mai zuma. Aigul ta kama hannunsa.

"Agai, tsawon shekarun nan ka taɓa ganin abin da kake yi wa ƙarfen?"

"Ni da ɗakin sama? Takalmina zai ɓata muku daɓe."

"To ka cire shi."

Da safa ya hau. Ta saka ɓallin sandarsa ta ƙarshe cikin na'urar da ke ƙara girman abu, hoto ya fito a allo: ƙananan filaye birjik, wasu farare, wasu toka-toka, kowane da iyakarsa. Ildus ya daɗe yana kallo. Aigul ba ta san cewa an haife shi a wani ƙauye da ruwan madatsa ya shanye tun yana yaro ba, kuma babu ko hoton garin da ya rage.

"Gonakinmu ne," in ji shi a hankali. "Haka suke idan ka hau tudu lokacin girbi. Ga tamu nan, kusa da rafi."

Ya kai yatsa zai taɓa allon, ya janye. Wanda bai zubar da hawaye ba ranar da ƙarfe ya shiga jikinsa, yau ya kasa tare su. Aigul ta ja masa kujera, ta rufo ƙofa, ta bar shi da garinsu.

Mun gode, Ildus-agai. Mun gode da kafaɗarka, da haƙurinka a ɗakin da rana ba ta leƙawa. Ku kuma samarin da za ku gaji injin nan, ku saurari sautinsa kamar yadda ya saurara, ku riƙa duba wanda ke tsaye kusa da ku kafin ku duba ƙarfe.