Ƙwallayen Dabino a Gidan Khumra

Umra na zo yi, na ƙi komawa, na maƙale a Jidda. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mini, sai wani gida na 'yan ƙasarmu a unguwar Khumra inda nake kwana, da safe in tafi dako a ɗakunan ajiyar kaya.

Dattijon da ya kama hayar gidan da takardunsa, Baba muke ce masa, a bayan idonsa kuwa Shugaban Ƙasa. Mutum ne mai faɗan tsiya. Kullum rediyo na manne da kunnensa yana jin labarin gida, yana tsaki. "Ƙasar da shugaba bai tsoron majalisa ai ta shiga uku," in ji shi. Shi ya kafa mana doka cewa duk abin da ya shafi gidan, sai an zauna ranar Juma'a bayan cin shinkafa. A ajiye kofunan shayi biyu a bayan labule, ɗaya na amincewa, ɗaya na ƙi, kowa ya ci dabino ya je ya jefa ƙwallon a wanda ya ga dama. Abin da majalisa ta yanke ya hau kan kowa, har shi.

Da jami'an jawazat, 'yan shige da fice, suka matsa da kamen marasa takarda, Baba ya ce in tattara kayana. Ban ga laifinsa ba, don in aka same ni a gidan, iƙamarsa ce za ta tafi. Amma ina zan nufa?

Wani tela ɗan Cadi ya ce, "Baba, ba a kai maganar majalisa ba."

Baba ya harare shi, ya ce, "Yalla, a kawo dabino."

Ni ko taunawa na kasa. Da aka ɗaga labule, kofin masu cewa in zauna ya cika, ɗayan kuwa ƙwallaye kaɗan ne a gindinsa. Baba ya daɗe yana kallo. Haya tasa, takardu nasa, da ya ce ya rushe majalisar, wa zai hana shi?

"Halas, magana ta ƙare," ya ce.

Na durƙusa zan yi godiya, ya daka mini tsawa. "Tashi, yaro! Ni fita na ce ka yi, kuma har yanzu ra'ayina ke nan."

Ya shiga ɗaki ya janyo katifata daga bakin ƙofar gida, inda za a fara ganina in an zo kame, ya shimfiɗa ta a bayan gadonsa. A nan na kwana har na samu kafili. Allah Ya jiƙan Baba.