Fostin ɗin Yaya Naja'atu

A gidanmu na Gumel, kalmar Turancin da muka fara iyawa ita ce fostin. Gidan ma'aikata ne, kowa da ita ya tashi a kunne. Fostin shi ne hukuma ta ce maka ga inda za ka yi aiki, amma a bakinmu iri-iri ne. In cikin gari aka ba ka, sai a ce ya yi kyau, a zo barka. In ƙauye ne, a ce an jefa ka, a fara binciken wanda ka ɓata wa rai. Yaran yanzu ko hoto suka ɗora a waya sai su ce sun yi fostin. Wannan kam ban san inda suka samo shi ba.

Yayata Naja'atu malamar asibiti ce, mai karɓar haihuwa. Tana gama makaranta aka jefa ta wani ƙauye bayan Ɗanzomo, ƙaramin asibiti mai ɗaki biyu. Kafin zuwanta namiji ne kaɗai a wurin, don haka mata ba sa leƙawa. Mu muka yi ta jimami, ita ko ta ɗaure katifarta a saman mota ta tafi. Tun tana yarinya haka take, ba ta musu, ba ta kuma fasawa.

A can ta haɗu da Sauda, wadda ta haihu sau biyu a gida, duka ba rai. Da ciki na uku ya zo, Yaya ta yi ta sintiri gidansu, ta gai da uwar miji, ta lallaɓa miji, har aka bar Sauda tana zuwa awo. Ta kuma yi mata alkawari cewa in Allah ya yarda da hannunta za ta karɓi wannan.

Cikin ya tsufa ke nan babban wanmu Abdulganiyu ya yi mata gatan da ba ta nema ba. Ya yi kamun ƙafa da Alhaji Ɗantsoho, tsohon ma'aikacin da har yanzu ake jin maganarsa, sai ga sabon fostin: Gumel. Inna har waina ta raba wa maƙwabta. Yaya Naja'atu ta zo, ta durƙusa gaban Abdulganiyu ta ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri." Washegari ta sayi turare, ta ce in raka ta gidan Alhaji.

Zauren Alhaji cike yake da masu neman a dawo da su gari. Da aka zo kanmu bai bari ta gama gaisuwa ba.

"Ba komai, 'yata. Ai Abdulganiyu namu ne."

"Baba, na zo godiya, na kuma zo roƙo. A mayar da ni."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Tun da nake ban taɓa ganin mai kamun ƙafar ƙauye ba. An yi miki wani abu ne a garin?"

"A'a, Baba. Wa za a tura a madadina?"

"Ba mace a ƙasa yanzu. Sai an samu."

"To akwai wadda ba za ta iya jira a samu ba." Ta ba shi labarin Sauda, kanta a sunkuye.

Alhaji ya ce, "Bakina na sa aka yi wannan. In na je na janye shi, ba zan sake buɗe shi a kanki ba. Kin ji da kyau?"

"Na ji, Baba."

Ni kam haushi ya kusa kashe ni. Yaya Abdulganiyu ya ce ta kunyata shi a gaban manya, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. Alhaji kuwa ya cika maganarsa ta kowane gefe: an mayar da ita, ba a kuma sake kiranta Gumel ba. Ƙawayenta sun zama manya a gari, ita tana can har yau, ta yi baƙi, tana hawa babur kamar 'yan ƙauyen. Wani lokaci har yanzu ina jin haushin, amma ina alfahari da ita.

Naƙudar Sauda ta zo da hantsi ranar kasuwa, ta kuma zo da wuya. Yaya ta faɗa mana cewa da yaron ya fito, shiru ya yi, sai Sauda ta juya fuskarta ga bango, don ta san wannan shirun. Yaya ta share masa baki da hanci, ta yi ta murza bayansa da zane, tana addu'a tana murzawa. Can sai ya canyara ihu.

Sauda ba ta juyo ba. Ta ce, "Malama, wannan kukan daga waje ne?"

"Naki ne, Sauda. Bar shi ya yi."