Mo Fulai da Motar da Ke Kai Mutane Gida

A garinmu, idan likita ya ja iyalan majiyyaci gefe ya ce musu, "Ku kai shi gida, ku dafa masa abin da yake so," kowa ya san abin da ake nufi, kuma kowa ya san wanda za a kira. Mo Fulai ne, mai tsohuwar farar mota, wanda gidansa ke bayan kasuwar kifi. Na koyar da 'ya'yansa a makaranta, kuma ina cikin motarsa ranar da wannan aiki ya faɗo masa, saboda haka na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faru kafin masu ƙarin gishiri su gama canza shi.

Fulai ɗan manomin rake ne. Ya shiga masana'antar garinmu yana matashi, a zamanin da ba ta ƙera komai sai tarakta. Da aka raba wa manoma gonaki, ƙungiyoyin noma suka daina saye, sai masana'antar ta koma yin kekunan ɗinki da duk abin da zai hana a rufe ta. Daga nan ne wasu ma'aikata suka samo wata ƙaramar motar ƙasar waje, suka warware ta ƙusa bayan ƙusa, suka ƙera irinta da guduma. Faɗinta kaɗai suka canza: sun tsuke ta daidai da faɗin tarakta, domin da ma'aunin da suka saba suka yi aiki. Aka sa mata suna Heyan, wato tsattsewar kogi, mu kuwa Tsattsewa kawai muke ce mata.

A sashen ƙofofi aka ajiye Fulai, ƙarƙashin Maigida Lan Shoutian, wanda ƙanen mahaifiyata ne. Kawu Lan mutum ne mai kaifin baki. Ƙofar gefe ta Tsattsewa, wadda ake ja, tana da wani hali: sai an ɗan ɗaga ta kafin a ja, in ba haka ba ta cije. Duk wanda ya ce masa wannan aibi ne, sai ya amsa cewa ƙofar tana son ladabi ne. Shekara da shekaru Fulai yana shan zagi a hannunsa, kuma a hannunsa ya koyi duk abin da ya sani.

Tsattsewa ta yi zamaninta. Babu kasuwar da ba ta shiga ba a lardinmu. Daga baya wani babban kamfani ya haɗiye masana'antar, aka kwashe injuna zuwa birni, aka daina sa sunan a goshin mota. Fulai na cikin waɗanda aka sallama. Ya sayi ɗaya daga cikin motocin ƙarshe da suka fito, ya shiga haya. Ya ɗauki aladu, ya ɗauki siminti, amma abin da ya riƙe gidansa shi ne ɗaukar amare, domin a ƙauyukan kan tudu motarsa ce ke isa har ƙofar gida. Matarsa Yueying ke wanke ta, ta ɗaura mata jan ƙyallen biki a madubai.

Wata safiya a lokacin yankan rake, ina zaune da shi a rumfar mai taliya muna shan romon dodon-koɗi, sai ga Meifeng, 'yar Kawu Lan, ta zo idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe mu ba.

"Yaya Fulai, likita ya ce mu kai Baba gida."

Fulai ya ajiye tsinken cin abincinsa. A wajenmu, wanda ya cika a waje ba a shiga da gawarsa gida. A bakin ƙauye ake kafa masa rumfa, a yi masa makoki kamar baƙo, ba zai kwanta a zauren kakanni ba. Kawu Lan ya bar ƙauyensu tun yana saurayi, amma bai taɓa shakkar cewa a wannan zauren zai ja numfashinsa na ƙarshe ba.

"Motar asibiti fa?" in ji Fulai.

"Sun ce iyakarsu bakin kwalta. Na zaga tasha kaf, kowa cewa yake motarsa ba lafiya."

Mun san dalilin direbobin. Motar da mutum ya mutu a cikinta, babu uwar da za ta yarda a sa 'yarta amarya a ciki, ko da an wanke ta da ruwan ganyen lemo, wanda muke kore mugun abu da shi. Yueying, da ke sayen kifi a kusa, ta ji komai. Ta matso ta tsaya a kan mijinta.

"Baban yara, jibi akwai amaryar gidan Nong, ka tuna? In tsohon nan ya cika a hanya, me za mu ci? Tayoyi?"

"Ba zai cika ba. Mutumin da bai taɓa yin abu don sauƙaƙa wa kowa ba, shi ne zai sauƙaƙa wa mutuwa?"

"Wasa ma kake yi."

"Ba wasa nake ba," in ji shi, yana lalubar makulli. Ya dube ni ya ce, "Malam Pan, taso, kawunka ne. Ina bukatar mai riƙe jaka."

Muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifa. Ma'aikatan asibiti suka ba mu jakar iska mai kama da matashi, da siririn tiyo zuwa hancinsa, suka ce in riƙa danna ta a hankali, kuma idan ta ƙare, ta ƙare. Aka rataye robar ƙarin ruwa a ƙugiyar rufi. Kawu Lan ya zama kamar tsumma a cikin bargo. Bai buɗe ido ba.

Fulai ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da kwanon miya. Duk gadar da muka zo, Meifeng takan sunkuya a kunnen mahaifinta ta ce, "Baba, ga gada, za mu haye, biyo mu," domin kada ruhinsa ya tsaya a bakin ruwa. Ni kuwa idona yana kan bargon, ina jiran ya ɗaga ya sauka. Wani lokaci yakan daɗe bai ɗaga ba, har sai na ji nawa numfashin ya tsaya.

Da muka kusa masana'antar sukari, muka tarar da abin da babu wanda ya tuna da shi a cikinmu. Manyan motocin rake sun yi layi har iyakar gani, wata ta karye a tsakiya, ta tare hanya. Direbobi sun sauka suna karta a inuwa. Fulai ya leƙa ya tambayi wani yaushe za a buɗe.

"Ka zo da abincin dare?" in ji mutumin, yana dariya. Da ya hango robar ƙarin ruwa ta taga, sai dariyar ta ɗauke, ya ja da baya.

Jakar da ke cinyata ta riga ta saki. Na nuna wa Fulai. Ya dubi layin, ya dubi gefen hagu, inda wata tsohuwar hanyar tarakta ta ratsa tsakanin fadamun shinkafa, ruwa dama da hagu.

"Yaya, za mu faɗa," in ji Meifeng.

"Inda tarakta ta bi, Tsattsewa za ta bi. Babanki ne ya gaya mini, in ƙarya ce ki tambaye shi."

Ya karya kan mota. Tayoyin suka hau gaɓar kamar an auna, babu ko tafin hannu da ya rage a kowane gefe. Injin wannan mota a ƙarƙashin kujerar direba yake, kuma ba a jima ba warin zafi ya cika ciki. Allurar lagireto ta haura. Fulai bai tsaya ba, ya dai riƙa magana da motar ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro. Wani manomi ya ja ɓaunarsa ta noma cikin ruwa ya ba mu hanya, ya bi mu da kallo.

A tsakiyar fadamun nan jakar ta ƙare. Na matse ta, na naɗe ta, babu komai. Bargon ya daina motsi, ko kuwa girgizar mota ce ta hana ni gani, ban sani ba. Meifeng ta riƙe hannun mahaifinta, ta yi magana ba tare da ta dube mu ba.

"In ya riga ya tafi, kada kowa ya ce komai. Mu bar robar a rataye, mu ce barci yake, mu shiga da shi."

"Kawu Shouren zai sa auduga," na ce mata. Shouren shi ne yayan mahaifinta, dattijon ƙauyen, kuma bai taɓa barin a shiga da majiyyaci ba sai ya ɗora zaren auduga a hancinsa ya ga ya motsa.

"Ku bar zancen nan," in ji Fulai. "Yana jinku."

Muka haura tudu, muka shiga lungun ƙauyen, madubai suna gogar bango. Mutane sun taru a ƙofar zaure. Na hango wasu matasa a gefe da gora da tabarmi, an riga an tanadi kayan rumfa ko da za a bukata. Kawu Shouren ya fito yana dogara sanda, auduga a hannunsa.

Fulai ya diro, ya zagayo da gudu, ya fizgi ƙofar gefe. Ta cije. Ya sake fizga da ƙarfi, ta ƙara cijewa. Mutumin da ya haɗa irin wannan ƙofa da hannunsa shekaru masu yawa ya tsaya yana jijjiga ta kamar bai taɓa ganinta ba, gumi na zuba daga haɓarsa. Ni da Meifeng muna ciki, ba ma iya ko motsi.

Sai wata murya ta fito daga cikin bargo, siririya, amma kowace kalma a fili.

"Ɗaga ta, jakin banza, sannan ka ja."

Fulai ya ɗaga, ya ja. Ƙofar ta buɗe sumul. Kawu Shouren, da ya ji maganar ta taga, ya mayar da audugar aljihu, ya ce wa matasan su ajiye gora su zo su kama katifa.

Aka kwantar da Kawu Lan a zauren kakanni, aka kunna turare. Ya sha cokalin ruwan shinkafa daga hannun 'yarsa, kuma kafin rana ta faɗi ya cika, a inda yake so.

Yueying ta wanke motar da ganyen lemo, ta sake ɗaura jan ƙyalle. Duk da haka mutanen gidan Nong suka aiko cewa sun sami wata mota. Babu wanda ya mutu a ciki, amma labari ya riga ya zaga, kuma amare suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi wata guda ba wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar Fulai, ya ce mahaifiyarsa tana asibiti, ƙauyensu kuma yana bayan tudu. Tun daga ranar aikinsa ke nan. Yueying ce yanzu ke cika jakunkunan iska, tana mita, kuma ba ta barinsa ya fita da guda ɗaya tak.

Ba duka yake kaiwa da rai ba. Na tambaye shi ko ya saba. Ya ce har yau, duk gadar da ya zo, sai ya kasa kunne ya ji ko ana numfashi a bayansa. Kayan gyaran Tsattsewa sun yi wuya, yana bin wuraren 'yan gwangwan yana tsinto su, kuma abin da ke hana shi sukuni shi ne ranar da za ta ƙi tashi alhali wani yana kwance yana jira. Sababbin motocin duk sun fi hanyar tarakta faɗi.