Ranar da Baba ya tona gidajen dara

Shekarar da aka fara bin layi kafin a sami sabulu da madara, da rani bayan an gama shigar da dawa rumbu, wata mota ta sauke mahaifina a bakin hanyar Mainika da katifa ɗaya da buhun kaya. Masaƙar da yake wa aiki a Kano ta rage ma'aikata. Gonarsa tana hannun ƙanensa aro, sai damina za ta dawo masa. Mutumin da muka saba gani da sallah kawai, da agogo a hannu, sai ga shi kullum a zaure yana kallon hanya.

Mu yara a lokacin, in mun dawo daga yankan ciyawar awaki, gindin durumin ƙofar gidanmu muke tarewa mu yi dara. A tona gidaje a rairayi, wani ya ɗauki guntayen kara, wani tsakuwa. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin karawarka. Muna da doka guda wadda ba mai tsallake ta: wanda aka cinye shi zai durƙusa ya share filin, ya tona sababbin gidaje da yatsa, ya tattaro wa wanda ya cinye shi 'ya'yansa, sauran kuma suna tafi suna kiransa gafiya.

Baba ya fara da kallo. Daga baya ya matso da tabarma. Wata rana da hantsi, duk maza sun tafi kasuwar Gwarzo, ya tattare riga ya zauna gaban Ɗanlami ɗan mahauci, yaron da ko wando ba ya ɗaurewa daidai. Na so ƙasa ta tsage. Dama an fara yi mini ba'a a makarantar allo, wai ubana ya zama abokin wasanmu. Fatana ɗaya, ya cinye yaron nan da sauri ya tashi.

Bai cinye shi ba. Ya daɗe rabonsa da dara, Ɗanlami kuwa ba ya tausayi. Aka ɗauke karan Baba na ƙarshe. Ɗanlami kansa ya tsorata, ya ce, "Baba Ilu, bar shi, ni zan tona." Baba ya ce, "Kai, ɗan nema, da ni na cinye ka zan tona maka ne?" Ya sauka daga tabarma, ya kafa gwiwa a ƙasa, ya share, ya shiga tonawa da yatsan da ya saba da injin saƙa. Ya ɗago ya ce, "To ina tafin?" Suka tafa, suna dariya a tsorace. Ni na ruga cikin gida na ɓuya bayan rumbu. Inna tana tankaɗe, ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Da yamma Baba ya same ni ina ba tunkiya dusa. Ya ce, "Sabo, an cinye ni a Kano ma. Can ba wanda ya bari na tona gida na sake zama." Ban gane ba. Na daina zuwa gindin durumi har ruwa ya sauka Baba ya koma gona.

Yau na haura shekarunsa na wancan lokaci. Sana'a ta karye mini ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo sai na kulle kaina a ɗaki, ina jin tsoron idon mutane. Shekarun da aka kawo shari'a, wasu samari suka ce dara ɓata lokaci ce, aka daina tona ta a ƙofar gida. 'Ya'yana a waya suke wasa; in an cinye su sai su danna, a sake. Baba ya rasu, durumin ma an sare.

Kunyar da na ji ranar nan ba ta tafi ba, wuri ta sauya. Yara duka sun tafa masa, ban da ɗansa.