Shafi na Takwas da Ƙosan Uwaliya

Haladu kafinta ne a Gwarzo, gajere, bakinsa ba ya rabuwa da murmushi. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, mutane suka daina ba da aikin gado da kujera, sai gyaran ƙofa jefi-jefi. Shi ya sa ya roƙi dillalin jaridu na tasha ya ba shi rabon jaridun Kabo. Kowace Juma'a da hantsi yakan ɗaure jaridu a bayan keke ya kama hanya.

Matarsa Uwaliya tana tuyar ƙosai, takardar ƙunshe shi kuwa ta yi wuya. Haladu ya lura yawancin mutane shafin farko suke dubawa su ajiye. Sai ya fara zare shafukan tsakiya yana kai mata.

Amma Alhaji Abdulmuttalib, mai hatsi a Kabo, har ƙarshe yake karantawa. Lokacin an fara Shari'a, jarida cike take da labaran kotu. Yana cikin jin daɗin labari sai ya ga an ce a duba shafi na takwas, ya duba babu. Haladu ya ce masa ai tsadar takarda ce ta sa kamfani ya rage shafuka.

Wata rana Alhaji ya je Gwarzo, abokinsa ya sa aka kawo masa ƙosai. Ya buɗe ƙunshin, sai ga ƙarshen labarin wani ɓarawon akuya da ya daɗe yana nema. Ya tambayi mai tuyar, aka ce matar Haladu mai jarida ce.

Ran Juma'a, bayan sun gama gaisawa, Alhaji ya ce, "Haladu, ka ji hukuncin da aka yi wa ɓarawon akuyar nan?"

"Ban ji ba, Alhaji."

"Na gani a shafi na takwas. Man ƙosai ya ɗan ɓata shi, amma ya karantu."

Haladu ya tura hannayensa cikin aljihu, ya ce, "Alhaji, aro na yi."

Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Ya ce daga yau ya riƙa cire shafin ƙwallo, tunda shi ba ya dubawa, amma jaridarsa ta riƙa zuwa da ƙosai mai zafi.

Haladu ya bi sauran masu saye yana tambayar kowa shafin da ba ya so. Yawancinsu suka ce ya ɗauki na jawabin gwamnati. Ya yi shekaru yana rabon, har gwiwa ta hana shi hawa keke.